Yatsu Uku na Baba

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, kowa da ranar da aka yanka masa. Ranar Baba ta faɗo a tsakiyar damina, ana cikin maimai, shi ya sa masu gaisuwa suka riƙa zuwa da laka a ƙafa. Wasu daga gona suka wuto, sai sun jingine hauya a gindin bishiyar bedin ƙofar gida sannan su tsuguna. Amalanken jakuna suka zo daga Safo da ƙauyukan Gabi ɗauke da tsofaffin da ban taɓa gani ba, kowa da abin da yake faɗi. Wannan ya ce Baba ne ya kora shi gidan likita na Maraɗi ranar da yake rantsuwa lafiyarsa lau. Wancan ya ce shi ko saiwa Baba bai ba shi ba, gishiri kawai ya hana shi, ga shi kuma har yau da ƙafarsa yake zuwa kasuwa. Limamin unguwarmu ya yi addu'a aka shafa, ya ce, "Mutum ne da ba ya magana sai ya saurara."

Duk wannan bai sa ni kuka ba. Ina zaune ƙofar ɗakin Inna, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya, idona a bushe. Abin da ya karya ni wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa a bakin tafki. Ta shigo ta gaishe mu, ta miƙe za ta fita, sai ƙafarta ta kai ta rumfar Baba kamar yadda ta saba. Ta tsuguna gaban tabarmarsa, ta janye mayafi, ta miƙa hannunta. Sai da hannun ya tsaya a iska ba wanda ya karɓa, sannan ta tuna.

"Wayyo ni 'yasu!" in ji ta. "To wa za ya ji mini jinina yanzu?"

Matan da ke tsakar gida suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Na sunkuyar da kai, hawaye suka ɓalle. Sun san na iya, sun kuma san ban taɓa riƙe hannun ɗan kowa ba. Abin da ba su sani ba shi ne abin da ya faru a ɗakin Baba da hantsin ranar da ya rasu. Shi nake son in rubuta, don kada a rufe shi tare da mai shi.

Ni ce ɗiyar fari, kuma Baba mutumin da ne. A gidanmu ɗan fari na kunya ne: uwa ba ta faɗin sunansa, uba ba ya haɗa ido da shi, balle ya taɓa shi. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ba ta haihu ba, take zaune a nata sashe cikin gidanmu. Zana ɗaya ce tsakanin ɗakinta da rumfar Baba. Sunana a bakinsa "waccan". In yana son in kawo ruwa, sai ya dubi bango ya ce, "Ku ce ma waccan randa ta yi nisa." Mutumin da ya riƙe hannun rabin mutanen Madarunfa, na mahauci da na masunci da na matar liman ta saman gefen kallabi, bai taɓa riƙe nawa ba.

Yadda ya sami wannan sani kuwa, Baba ya ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, ya tsinci Faransanci. Yana saurayi ya sami aikin jinya a Maraɗi, lokacin da likitocin Shinuwa, mutanen ƙasar Sin, suka fara zuwa ƙasarmu. Aka haɗa shi da wani tsoho a cikinsu, mai tsira wa masu ciwon baya da ciwon gwiwa siraran allurai, don ya riƙa yi masa tafinta. Baba yakan ce, "Faransancinshi gurgu, nawa makaho, haka munka riƙa jan juna." Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, kafin tsohon ya taɓa allura sai ya ɗora hannun mara lafiya a kan wani ɗan matashin kai, ya aza yatsu uku a wuyan hannun, ya lumshe ido ya yi tsit. In ya buɗe ido sai ya tambayi mutum abin da mutumin bai faɗa ba tukuna.

Tsohon yana da wani littafi mai laushin takarda, an ɗinke shi da zare. Ranar da Baba ya ga ta dama ake buɗe shi, kamar littattafan malamanmu, sai ya ji ya yarda da shi. Daga bakin tsohon ya kwaso tarihin da muka tashi muna ji har muka haddace. Bayan la'asar, Gwaggo na kaɗi ko ɓarar gyaɗa, sai ya zauna ya fara, wai da ita yake, amma da ƙarfin muryar da za ta ƙetare zana.

"Yaya, mutanen nan sun daɗe. Tun ba takarda suke rubuta magani a kan tsagin gora, su ɗaure da igiya. Igiya ta ruɓe, tsagin ya watse, wani malami ya zo bayan zamani ya tattara ya jera, ya yi sharhi a gefe, wani ya zo ya yi sharhin sharhi. Babban littafinsu tambaya da amsa ne, sarki na tambaya likitanshi na amsawa. Kin taɓa ganin sarkin da ya ce bai sani ba?"

"Ban gani ba," in ji Gwaggo. "Ko ƙanena ban ga ya ce haka ba."

Yakan ba da labarin wani magabacinsu manomi da ya bi daji yana ɗanɗana ciyayi ɗaya bayan ɗaya don ya raba magani da guba. Amma wanda ya fi so shi ne na wani likita da annobar zazzaɓi ta cinye masa yawancin dangi, ya zauna cikin baƙin ciki ya rubuta yadda cuta ke shiga jiki daki-daki. In ya zo nan muryarsa takan sauka, domin shi ma sanƙarau ya ɗauke masa ƙanne biyu a rani ɗaya. Ya ce wanda bai binne nasa ba ba ya rubuta irin wannan littafi.

Ya so ƙwarai ƙannena maza su koya. Babban ya zauna sau biyu yana hamma, ya gudu Ɗan Issa harkar mota. Ƙaramin ko zama bai yi ba. Ni da ba a kira ba, ni ce kunnena ke manne da zana. Gwaggo ce ta tona ni. Wata rana ta kama ni na aza yatsu uku a wuyan hannunta tana barcin rana, ta fita ta same shi ta ce, "Kai ɗan Shinuwa, kana ta shuka a kan fako, ga fadama bayan zana." Washegari ya ce, "Yaya, kawo hannunki."

Haka aka buɗe makarantar da ba a taɓa yin irinta ba. Baba zai riƙe hannun Gwaggo, ya yi shiru, sannan ya ɗaga murya: "Yau naki na bisa-bisa, awa gorar masunta a kan tafki. Ka taɓa a hankali ka same shi, ka danna ya gudu." Sai ya tashi ya ce za shi masallaci, ko da kuwa da sauran lokaci. Yana fita Gwaggo za ta ce, "Ke, zo maza tun bai huce ba." In zo in aza yatsuna daidai inda nasa suka bar shaida. A haka na san mai nutsewa da sai ka danna har ƙashi, da mai tauri irin igiyar guga in guga ya cika, da mai santsi da yake mirginawa ƙarƙashin yatsa. Ranar da masassara ta kama Gwaggo, wallahi har fara'a Baba ya yi, don an sami sabon darasi.

"Ku dai Allah ya shirye ku," in ji ta tana rawar sanyi. "Na zama allo, wannan ya rubuta, wannan ta wanke."

Da na ƙware sai aka juya. Ni zan fara ji, in raɗa wa Gwaggo, ita ta kai masa, shi ya gwada. In na yi daidai, "Uhm" kawai zai ce. In na kuskure, ya dubi bango: "Ku gaya ma waccan ta rage gaggawa." Maganarsa ke nan kullum, ita da "Yi shiru in ji", wadda yake gaya wa duk mara lafiyar da ya zo da dogon bayani. Ba ya yarda kuma a ɗauke shi abin da bai kai ba. Allura bai taɓa tsira wa kowa a gida ba, ya ce wannan sai inda ake dafa ta. Shi dai ya ji, ya duba harshe, ya ce wa wani rage kaza, ya ce wa wani, "Wannan ba nawa ba ne, tashi ka tafi gidan likita yau, ba gobe ba."

Sai dai akwai sharaɗin da ya tsaya mini a wuya. Baba ya sha faɗin ranar da tsohon likitan zai koma ƙasarsu. Ya ce tsohon ya kira shi, ya ɗora nasa hannun a kan matashin ya ce ya ji. Da Baba ya faɗi abin da ya ji, tsohon ya kama hannun Baba shi ma ya ji, sannan ya tura masa matashin ya ce ya tafi da shi. "Wanda malaminshi bai ba shi hannu ba," in ji Baba, "ba a sallame shi ba, kada ya taɓa ɗan kowa." Ya faɗa da ƙarfi, ya san ina ji. To ni ta yaya? Na yi aure a nan cikin unguwa, mata suna biyo ni har gida suna roƙo, ina cewa ban iya ba. Sani na hannuna, izini na hannun mutumin da ba zai iya miƙo mini hannu ba.

A kan wannan suka yi faɗan da ba su taɓa yin irinsa ba shi da Gwaggo. Yana ba da labarin cewa su ma Shinuwa suna da kunya, wai a gidajen sarakunansu na da likita ba ya taɓa matan sarki, sai a ɗaura zare a hannun mace a miƙo masa ta bayan labule. Gwaggo ta ɗaga mazarinta ta ce, "To ga zare na kaɗa, in ɗaura mata?"

"Haba Yaya, tatsuniya ce. Zare ba shi da jini."

"To tunda ka sani, riƙe hannun ɗiyarka mana! Kai ka haife ta ko bango?"

"Ubana bai taɓa babban wanmu ba har ya koma ga Allah. Ni ba ni za ni fara ba."

Ya kakkaɓe riga ya fita. Ya yi kwanaki ba ya cin tuwon da ya fito daga sashen Gwaggo, ita kuma ta ce hannunta ya tafi hutu. Sai da na yi ta kuka sannan ta sake miƙa shi.

Na yi fushi da Baba, ba zan ɓoye ba, kuma ban taɓa yin fushi da shi kamar lokacin cikina na biyu ba. Ƙafafuna suka kumbura, kaina kamar zai tsage, ina ganin wuta-wuta. Aka kira shi. Ya zo ya tsaya a bayan zanar gidan mijina, ina ganin ƙafafunsa ta ƙasa. Ya ce Gwaggo ta danna ƙaurina ta gaya masa ko wurin ya lotsa. Ta ce ya lotsa. Shi ya nemo mota, shi ya shiga gaba bai waiwayo ba har Maraɗi. Duk kwanakin da na yi a kwance yana gindin wata bishiya a harabar gidan likita, duk wanda ya fito ya tare shi ya ce, "Ya mai jikin?" Na rayu, ɗan ma ya rayu. Amma ina kwance ina cewa a raina, da na mutu fa? Da sai dai a gaya masa yadda hannuna ya yi sanyi.

Wani abin da ba zan manta ba shi ne ranar da ƙanena ya zo daga Ɗan Issa da kwalaye cike da ƙwayoyi masu rubutun Shinuwa, na ƙarfin maza da na ƙiba da na hasken fata. Wai a jera a rumfar Baba, tunda mutane sun yarda da shi. Baba ya ɗauki kwali ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Wa ya ji jinin wanda za ya sha wannan?" Ƙanena ya ce ai duk na Shinuwa ne. Baba ya miƙe tsaye. "Mutane sun yi zamani bayan zamani suna kwafar littafi da hannu don kada a ba mutum biyu magani guda ba a duba su ba. Kai ka zo ka sa sunansu a kan wannan shara? Fitar mini da su!" Da ƙafa ya tura kwalayen har ƙofar gida.

Gwaggo ta rasu da sanyin wata shekara. Ranar da jikinta ya yi tsanani, Baba ya riƙe hannunta ya daɗe, sannan ya mayar da shi ƙarƙashin zane a hankali ya fita. Ni na kasa taɓa ta, kuka ya ci ƙarfina. Bayan an yi bakwai na ji shi a rumfa shi kaɗai yana magana, da irin muryar nan mai ƙetare zana. "Saura bugun jini guda da ba a koya ba. Tsofaffin littattafan sun ce awa yoyon soro ne bayan ruwa ya ɗauke. Ɗigo guda, ka jira har ka fid da rai, sannan wani. Wannan ba a koyon shi da baki."

Daga nan makaranta ta rufe, allonmu ya tafi. Shekaru suka yi ta wucewa, na yi furfura, na aurar da 'ya'ya. Kullum nakan kawo masa fura, in durƙusa in gai da ƙofa, shi ya amsa wa iska. Na haƙura, na ce abin zai bi shi kabari, ni kuma in bi da nawa rabin.

Ciwon ajalinsa bai ja ba. An kai shi Maraɗi, aka ce zuciya ce ta gaji, ya ce a maido shi ɗakinsa. Ranar ƙarshe an kwana ana ruwa, ya ɗauke da hantsi. Ina tsakar gida ina dama kunu sai Inna ta fito daga ɗakinsa, ta tsaya tana kallon randa, ta ce, "Wai a je." Ta shige nata ɗakin ta saki labule.

Na shiga. Yana kwance ya juya fuska ga bango. Ɗan matashin nan yana kan tabarma, hannunsa na dama a kai, tafin yana kallon sama.

"Ku gaya ma waccan," in ji shi da ƙyar, "wanda ya rage ya samu. In ba a ji shi yanzu ba, ba a sake samu."

Na durƙusa, na aza yatsu uku. Fatar a bushe take, da ɗumi, ga wani tsohon tabon lauje da ban taɓa sanin yana da shi ba. Ina da jikoki, ranar na fara taɓa ubana. Da farko ban ji komai ba sai bugun nawa jinin. Na tuna, na rage gaggawa. Sai ga shi, guda ɗaya. Na jira, na jira har na ce shi ke nan, sannan wani ya zo.

"Mi anka ji?"

Wallahi na so in ce mai nutsewa ne, gajiya ce, a sha kunu a kwanta. Amma ban taɓa kai masa ƙarya ta hannun Gwaggo ba, ba zan fara da bakina ba.

"Yoyon soro ne, Baba."

"Uhm," in ji shi.

Sai na ji hannun ya juya a hankali ƙarƙashin yatsuna, ya lalubo wuyan hannuna. Yatsu uku, daidai wurin, ba kuskure. Ya daɗe yana ji, ni kuwa hawaye na zuba a kan tabarma, na buɗe baki zan yi magana ya ce, "Yi shiru in ji." Can ya ce, "Yana gudu. Tsoro ne kawai, babu cuta." Ya saki, ya tura matashin wajena da bayan hannu.

"Ku gaya ma waccan an sallame ta."

Babu kowa a ɗakin da zai gaya mini, daga ni sai shi. Kafin la'asar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Ranar sadakar uku tsohuwar nan mai daddawa ta dawo. Wannan karon ba ta nufi rumfa ba, ta zauna can gefe ta dunƙule hannayenta cikin mayafi. Na tashi na shiga ɗakin Baba na ɗauko matashin, na shimfiɗa tabarmarsa, na ce, "Iya, kawo hannun." Ta taso tana jan ƙafa, ta ɗora, ta fara ba ni labarin ciwon ƙugunta tun daga bara. Na ce ta yi shiru in ji. Ta dube ni, ta rufe baki da gefen mayafi, ta ji maganar Baba a bakina.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da Gwaggo a gidan rahama, inda na tabbata za ta tare shi da tsiya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Sunana dai bai taɓa fita daga bakinsa ba har aka rufe shi. Amma ya tafi ya san yadda jinina yake bugawa.